Shekarar da Rahab Ta Reni Turare

A Ƙarfi, in baƙo ya tambayi gidan Baba Jonah, ba a wahalar da baki wajen kwatance. Sama ake nuna masa. Bishiyoyin turare uku ne a bayan gidan, sun kere duk wata darbejiya da mangwaron unguwar, jikinsu fari sumul a inda ɓawo ya saɓule, ganyensu sirara suna reto ƙasa. In iska ta kaɗa, ƙamshinsu har bakin titi.

Baba Jonah ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aiki a lambun renon itatuwa na gandun daji a Malumfashi. Da ya yi ritaya bai bar aikin ba, gida ya kwaso shi. Ya kafa rumfar zana a bayan ɗaki, duk shekara yana renon dashe a cikin leda, su darbejiya da zogale da gwaiba, amma turare shi ne ɗan gaban goshinsa. Yakan ce bai ga itace mai haƙurinsa ba: fari ba ya kashe shi, ruwa in ya kwanta masa ba ya ruɓewa, in ka sare shi ma ya sake tohowa ya ba ka sandunan rufi.

Matarsa Rahab kuwa ba ta ga abin yabo ba, kuma tana da dalilinta. Suna sababbin tarewa a gidan, wata rana ya dawo daga aiki da 'yan dashe uku a bayan keke, ƙanjamammu, waɗanda shugabansu ya ce a zubar. Tausayinsu ya ji, ya dasa su dab da rijiya don su riƙa samun ruwan da ke zuba daga guga. Suka sha, suka miƙe. Kafin shekara goma ta cika, lambun Rahab da ke gefen rijiyar ya mutu murus. Alayyafo ya daina ganye, tattasai ya tsumbure, ƙasar ta bushe ta yi tauri, ko ciyawa ba ta fita a ƙarƙashin busassun ganyen da ke zuba. Rijiyar da a da ba ta san ƙafewa ba, ta koma in bazara ta yi sai an zauna jiranta.

“Itatuwan nan naka ne ke shanye mini ruwa, Baban Fibi,” haka take cewa duk shekara.

Shi kuma ya ce, “Damina ce ta canza, Maman Fibi. Ki tambayi kowa.”

Sai ta yi tsaki, shi ya yi dariya, a zauna a ci tuwo. Aka yi ta wannan magana har 'ya'yansu suka haddace ta, suka girma, kowa ya kama gabansa, aka bar tsofaffin biyu da musunsu.

Sati biyu bayan Kirsimeti na shekarar da muke magana, Jonah ya sunkuya zai ɗauki butar ban ruwa, sai ya faɗi. Babbar 'yarsu Fibi, wadda ke koyarwa a Funtua, ta zo da mota aka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ya yi sati uku a kwance. Da aka dawo da shi gida, hannun dama ya zama kamar ba nasa ba, ƙafa sai ya ja ta, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

Rahab ta ɗauki jinya ba ƙorafi. Ita ke yi masa wanka, ita ke gasa masa hannu da ruwan ɗumi, ita ke fito da shi tsakar gida ta zaunar a kujera. Abin da ya dame ta shi ne cin abinci. Ta yi masa faten tsaki, ta yi ɗanwake, ta yi miyar kuka da man shanu irin wadda yake so, duk loma biyu zai yi ya kawar da kai. Ya wuni yana kallon rumfar zana da babu komai a ƙarƙashinta sai tsofaffin ledoji.

Ana nan, sai ga Malam Sada ya zo dubiya da ƙwaryar nono. Shi mai unguwa ne a wani ƙauye da ke 'yar tafiya kaɗan daga Ƙarfi, kuma abokin Jonah tun suna samari. Suka gaisa, ya yi masa addu'a, ya zauna yana ba shi labarin kasuwa. Jonah bai saurari labarin ba. Ya kama rigar Malam Sada da hannun hagu, yana ta ƙoƙarin magana.

“Kwa… kwaz…”

“Bar shi, bar shi,” in ji Malam Sada. “Allah dai ya ba ka lafiya. Shi ne babba.”

Da ya tashi tafiya, Rahab ta raka shi har ƙofar gida. Ta ce, “Malam, me yake son faɗa maka?”

Malam Sada ya ce, “Da ba zan faɗa ba, amma tun da kin tambaya. Kwazazzabo ne ke cin ƙauyenmu. Bara ya cinye hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, yanzu saura taku kaɗan ya kai maƙabarta. Lokacin kaka Jonah ya zo ya duba, ya yi mana alkawarin zai reno mana turare mu dasa in damina ta zauna. To, ga yadda Allah ya yi. Kada ki sa wannan a ranki.”

Ta koma ciki ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ya ɗago ya dube ta, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

“Ashe abin da ya hana ka cin abinci ke nan,” ta ce. “Alkawari ka ɗauka ba ka gaya mini ba. To, na ji. Kai ka nuna, ni in yi. Amma wallahi ko leda ɗaya ba zan taɓa ba sai ka cinye abin da ke cikin kwanon nan.”

Ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya suɗe hannu.

Da safe ya nuna mata ƙarƙashin gado. Ta jawo wata kwalba mai murfi, ta buɗe ta leƙa. Wani jan gari ne a ciki.

“Wannan ai yaji ne, Baban Fibi.”

Ya girgiza kai, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Irin turare ke nan. Ita duk zamanta da shi ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. 'Ya'yan itacen 'yan ƙanana ne kamar ƙoƙon tsana, yakan tsinko su kafin su buɗe, ya shanya a kan zane kwana uku ko huɗu, su buɗe baki su zubar da wannan garin. Yawancinsa ƙaiƙayi ne, ƙwayar irin ma sai mai ido zai gane ta. Ta zuba kaɗan a tafin hannu tana mamakin yadda ƙaton itacen da ya hana ta sakat ya fito daga abin da atishawa za ta iya watsarwa.

Ya buɗe baki zai gaya mata yadda ake shuka shi, harshen ya ƙi. Kafin ya gama kokawa ta ɗebo yashi mai laushi ta gauraya da irin a faranti.

“Haka nake yi wa irin alayyafo,” ta ce, “lokacin da nake da lambu.” Ta ja kalmar ƙarshen don ya ji.

Ya ɗaga mata babban yatsan hagu.

Ta gyara fangali a ƙarƙashin rumfa, ta barbaɗa irin kamar mai sa gishiri a miya. Sai dai daga nan ta bi nata tunanin. Ta ga rana na zafi, ta ƙara zana a kan rumfar har wurin ya yi duhu. Ta riƙa kwara ruwa da safe, da rana, da yamma. In Jonah ya ɗaga hannu yana cewa “Ya isa,” sai ta ce, “Kai dai zauna. Ba ni na san shansu ba?”

Kwana shida suka fito, 'yan sirara kamar gashin jariri, kowanne da ganye biyu. Rahab ta kira maƙwabciyarta Hajo ta zo ta gani, suka durƙusa suna kallo kamar an yi haihuwa. Bayan kwana biyar ta fito da sassafe ta tarar rabinsu sun kwanta, wuyansu ya ruɓe a daidai ƙasa. Washegari sauran suka bi.

Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ba ta yi zaton abin zai yi mata ciwo haka ba. Jonah ya daɗe yana kallonta, sannan ya tattaro ƙarfinsa.

“Ƙauna… ta yi… yawa.”

Ta zaburo. “Ni? Ƙaunar turare? Allah ya kiyaye!”

Ya yi dariya, ta farko tun da ya faɗi, dariya karkatacciya har da tari. Ita ma ba ta san lokacin da ta kama ba, tana yi tana share ido da gefen zane.

Saura rabin kwalba. Wannan karon ta saurare shi. Ya ɗauki kusan wuni yana fitar da bayanin kalma bayan kalma, inda ya kasa ya nuna da hannu, ita kuma tana cike masa. Turare babba mashayi ne, amma jaririnsa ba ya son jiƙa. A ɗaga fangali sama don ruwa ya tsane. A sa yashi da yawa. Kada a binne irin, a yayyafa masa ƙasa shara-shara kawai. A rage zana, haske da iska su riƙa ratsawa. Ruwa kuwa, ba da buta ba: a tsoma tsintsiya a bokiti a yarfa, safe da yamma.

Suka fito, suka tsaya. Da suka yi ganye huɗu aka shiga aikin mayar da su leda. Hajo ta riƙa zuwa in ta gama aikin gidanta, suna tankaɗe ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, suna ɗurawa. Rahab ta fere ɗan tsinke, tana tono su ɗaya-ɗaya. Jonah na kujera yana lura. In ta kama ɗaya a kara sai ya buga sandarsa a ƙasa.

“Ganye! Kama… ganye!”

“Na ji, ranka ya daɗe,” ta ce. “Hajo, kin ga mutumin da aka ce ba ya iya magana. In faɗa ne bakinsa garau.”

Gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Da Fibi ta zo ganinsu ƙarshen wata, ta ja uwarta gefe ta ce, “Mama, me kike ba Baba? Ɗazu jimla guda ya yi mini ba tsayawa.”

“Ba abin da nake ba shi sai ɓacin rai,” in ji Rahab. “Kullum sai na yi kuskure ya gyara.”

Leda ɗari huɗu da 'yan kai suka cika. Nan wahala ta gaske ta fara, don bazara ta kankama, rijiya ta ja ruwanta. In Rahab ta zura guga, laka take fitowa da shi. Sai ta koma zuwa famfon unguwa da baro da jarkoki, sawu uku da safe, biyu da yamma, ga ta ba yarinya ba. Duk sanda ta turo baron ta gifta ta gindin manyan itatuwan nan uku, sai ta tsaya ta huta ta ɗaga kai.

“Kun sha kun ƙoshi, ƙannenku na kuka da ƙishi. Ko kunya ba ku ji.”

A da in ta faɗi irin wannan Jonah dariya yake yi. Yanzu kuwa sai dai ya bi ta da ido har ta sauke jarkokin. Wata rana ta ga ya jawo kujerarsa da kansa ya matso, ya ɗauki moɗa da hannun hagu yana ba ledojin da ke kusa da shi ruwa. Sai ta matso masa da bokitin.

Duk sati biyu takan ɗaga ledojin ta sauya musu wuri, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Wanda ya riga ya huda ta datse da almakashi. Da ruwan farko ya sauka suka fara yaye zanar rumfar kaɗan-kaɗan, har dashen ya saba da rana tsirara. Kafin ƙarshen watan Yuni sun kai gwiwa, karansu ya yi ja ya yi ƙwari. In ta murza ganye ɗaya a yatsa, ƙamshin sai ya wuni a hannunta. Da mura ta kama Hajo, Rahab da kanta ta tsinko ganyen manyan ta tafasa ta kai mata ta yi sirace.

A wannan lokacin ne Alhaji Maiwada ya zo. Babban manomin masara ne mai gona a hanyar Maska, ya saba karɓar dashen mangwaro a wurin Jonah. Ya yi gaisuwa, ya yi jaje, sannan idonsa ya faɗa kan ledojin.

“Masha Allah! Baba Jonah, ashe ciwo bai hana ka aiki ba. In akwai rara ina son ɗari. Na haƙa sabuwar rijiya a gona, ina so in kewaye ta da su ta samu inuwa, sauran in jera a kan iyakar masara.”

Rara akwai, don Malam Sada ɗari uku ya ce. Jonah ya buɗe baki, amma Rahab ta riga shi.

“Alhaji, don Allah taso ka ga wani abu.”

Ta kai shi bayan gida. Ta nuna masa rijiyar, ta nuna masa filin da ke gefenta, fayau, duk da ruwan da aka yi ko tsiro babu. Ta ce, “Nan lambuna ne a da. Unguwar nan kaf a nan ake sayen alayyafo. Itacen nan saiwarsa tana tafiya a ƙarƙashi fiye da inda inuwarsa ta kai, duk danshin da ta samu nata ne. Ganyensa in ya zuba, ba abin da ke fita a wurin. Ka sa shi a bakin rijiya, shekara biyar ka zo ka ba ni labari. Ka sa shi a iyakar masara, kunya goma na gefen ka yafe su.”

Alhaji ya gyara hula. “To, Maman Fibi, ke da kike renonsa kike kushe shi?”

“Ban kushe shi ba. Kowane abu da mazauninsa. Ba ka da wani fako a gonar, ko gefen dutse inda ba ka nomawa? Ko bakin hanya ta inda iska ke shigowa tana kwantar maka da masara? Can za ka kai shi, nesa da shuka kamar taku talatin. Zai tare maka iska, ƙudan zuma su samu fure, shekara shida ka sari sanduna ya sake fitowa. Iyakar gona kuwa ga zogale nan, in ka samu gawo ma ya fi.”

Suka dawo tsakar gida. Alhaji Maiwada ya dubi mai gidan. “Baba Jonah, kai ne masani. Haka ne?”

Jonah ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa. Ya ce, “Gaskiyarta ce. Tun tuni… gaskiyarta ce.”

Alhaji ya karɓi hamsin, ya ce akwai wani tudu mai tsakuwa a arewacin gonar, can zai kai su. Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, Rahab ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gaban mijinta.

“Me ka ce ɗazu? Kunnena bai ji da kyau ba.”

“Kin ji.”

“Tun tuni, ka ce. Tun yaushe?”

Ya ce, “A wurin aiki… an koya mana. Ba a sa shi… kusa da rijiya.”

“Baban Fibi! Shekara nawa kana ce mini damina ce ta canza?”

“Ta canza mana,” ya ce, “kaɗan.” Sai ya kama hannunta da na hagunsa. Tafin ya yi kanta saboda baro. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. “Na ji tausayinsu. Ban ji… naki ba. A sare su.”

Rahab ta yi shekaru tana jiran wannan magana. Ta sha raya yadda za ta yi guɗa ranar da ta ji ta. Da ranar ta zo kuwa, ba ta yi guɗar ba. Ta waiga ta dubi itatuwan. A inuwarsu ta yaye 'ya'yanta, da ɓawonsu ta hura wuta ba adadi, kukan kurciyoyin da ke kansu ne ke tashinta da safe.

“Wa ya ce maka a sare?” ta ce. “Yanzu da na saba da su?”

Aka koma sabon musu, ita tana kare itatuwan, shi yana cewa a sare. Hajo da ta shigo aron rariya ta tsaya baki buɗe, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Kwana uku ana yi, sannan aka daidaita: biyun da suka fi kusa da rijiya za su tafi, na gefen katanga ya zauna. Malam Sada ya turo mutanensa da igiya da zarto suka kayar da su a hankali, suka daddatse rassan suka ɗora a amalanke, don Jonah ya ce za a yi amfani da su a kwazazzabon. Kututturan ba su yi sati uku ba suka fara toho, Rahab ta riƙa bi tana karyewa tana mita. Ko rijiyar za ta dawo yadda take, wannan sai bazara ta nuna.

Tsakiyar watan Yuli, da ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, aka sa ranar dashe. Jonah ba zai iya zuwa ba, don hanyar ta yi caɓi. Ya sa ta maimaita masa komai sau biyu kafin ya bar ta ta tafi.

Da Rahab ta isa ƙauyen, ta tsaya ta leƙa kwazazzabon. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, bakinsa ja wur, ya tsage yana shirin ruftawa, ga kaburbura can kusa. Maza kusan talatin na tsaye da fartanya da diga. Wasu har sun fara haƙa ramuka a kan gaɓar.

“A'a, ba nan ba,” ta ce. Ba ta taɓa tsayawa gaban maza masu yawa haka tana ba da umarni ba. “Ku ja baya. In kun sa a baki, ruwa ɗaya zai tafi da su.”

Wani ya ce, “Ina shi Baba Jonah ɗin?”

Malam Sada ya ce, “Ga shi nan a gabanka. Abin da ta ce shi za a yi.”

Ta auna musu da ƙafarta, taku uku tsakanin rami da rami. Ta sa aka zuba toka a kowane rami saboda gara. Ta nuna yadda ake yage leda ba tare da ƙasar ta warwatse ba, da yadda ake danne gindin da dunduniya. Sannan ta sa aka tono ciyawar jema daga fadama aka jera ta layi biyu tsakanin dashen da bakin ramin. Ta ce turare ƙasar ciki yake riƙewa, ya shanye ruwan da ke jiƙa gaɓar har ta rufta, amma ta sama sai ciyawa. Sandunan itatuwan gidanta kuma aka kafa su a gicciye a cikin kwazazzabon, aka saƙa ƙaya da rassa a tsakani, don ruwa in ya taho ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Kafin la'asar an gama. Matan ƙauyen suka ja ta cikin gida suka cika ta da dambu, suna kiranta Malama, tana cewa su rufa mata asiri.

Da kaka ta yi, hanya ta bushe, Malam Sada ya aiko da amalanken shanu, an shimfiɗa katifa a ciki. Rahab ta sa wa Jonah rigarsa ta zuwa coci, maƙwabta suka taimaka aka ɗora shi, ta hau gefensa da lema.

Ba duka suka rayu ba. Gara ta ci wasu, shanu sun tattake wasu, wani ruwa da aka yi a watan Agusta ya rufta da gefe guda ya tafi da kusan ashirin. Amma sauran sun kai ƙirjin mutum, suna kaɗawa a jere. Jema ta yi kauri. A bayan sandunan da aka kafa ƙasa ta taru har ciyawa ta fito a kanta, kuma ta wajen maƙabarta bakin ramin yana nan inda aka bar shi.

Jonah ya ce a sauke shi. Ya dogara sanda, Malam Sada na riƙe da shi ta gefe, ya ja ƙafa ya bi layin farko har ƙarshe. Yana tsayawa yana taɓa ganye, yana duba gindi. A layi na uku ya tsaya ya nuna biyu da sandarsa.

“Waɗannan sun matsu. Taku biyu ne.”

“Ƙafata ce gajera,” in ji Rahab daga bayansa. “In ba ka so, baɗi ka zo ka auna da taka.”

“Zan zo,” ya ce.

Malam Sada ya sa aka kawo gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, suka zauna a tabarma. Tsofaffin biyu suka shiga hirar mutanen da suka sani a da, wa ya rasu, wa ya koma Musawa, Jonah na jefa tasa a hankali ba mai katse shi. Rahab ta riƙa ɓare masa gyaɗar tana zuba masa a hannu.

Rana ta yi sanyi suka kamo hanyar gida. Shanun na tafiya a natse, amalanken na rangaji tsakanin gonakin dawa. Ba su yi nisa ba barci ya kwashe shi, kansa ya gangaro kan kafaɗarta. Ta ce wa mai korar shanun ya bi a hankali wajen ramuka, ba sauri suke ba.